Rasuwar Adireshin da Ke Wuyan Riguna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Tela Ƙarami na bakin kasuwa yake sanar da dangi da abokan ciniki rasuwar adireshin shagonsu na intanet, wanda marigayi mahaifinsa ya yi wa rajista da sunansa, ya kuma rubuta shi da hannunsa a allon ƙofa.

Mamacin bai san barci ba, bai taɓa saɓa alkawari ba, bai taɓa cin ƙyallen kowa ba, abin da ba kowane ɗan gidan tela za a yi wa wannan shaida ba. Idan aiki ya shigo sai ya ce "ƙilin" a waya. Iyakar maganarsa ke nan.

Ciwon ajalinsa kuɗin sabuntawa ne. Kamfani ɗaya tak ke riƙe da rajistar irin wannan suna, ba shi da abokin gasa, hukumar da ke taka masa birki kuma ta ɗage ƙafa. Kowace shekara farashi sai ya ƙara kumbura. Bana Tela ya fusata, ya yi abin da ya gada a kasuwa: ya juya baya, yana jiran a ce ya dawo a daidaita. Ya manta mai kaya yana kiran mai saye ne don tsoron maƙwabcin rumfa. Wanda ba shi da maƙwabci, wa zai kira? Wa'adi ya cika Tela yana nan yana jan aji.

Ko gawar ba a ba shi ba. Wani dillali ya saye sunan. Yanzu duk wanda ya buga adireshin sai ya ga sunan Baba a sama, tallar caca a ƙasa. Tela yakan buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, kunya tana cinsa. Da keken ɗinki ya tsaya sai ya ji "ƙilin", ya duba waya, babu kowa.

Mamacin ya bar katunan talla kwali guda, da ɗan tambarin da aka ɗinke a wuyan kowace riga da ta fita daga shagon, duk suna nuna wa mutane hanyar gidan caca.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a shago. Mai riga ya zo da rigarsa, akwai reza, za a farke tambarin kyauta. Allon ƙofa kuwa an sayo fenti tun makon jiya, har yanzu ba a sami mai iya ɗora burushi a kan rubutun Baba ba.