Ranar da Na Bar wa Di'o Tayi

Ba za ni taɓa mantawa da la'asar ɗin nan a barikin Isa ba, zamanin Turawa. Ina ƙaramin akawun En'e, na gaji da garin har wuya, kullum idona na kan hanyar Sakkwato.

Likitan shanu, wani Bature mai jin Hausa, yana neman akawun da zai tafi da shi can. Ya rasa abokin kartarsu da ake kira birij, sai ni uban iyawa na ce na iya (kwana uku kacal ya koya mini).

Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu, kuma kafin a buga sai an yi tayi kamar a kasuwa. Ya ja kunnena: "In na taya, abokin hamayya ya tsoma baki, kai kuma hannunka na da ƙarfi, ka kira gidan da ya kira, wato irin kartar da ya ambata, ka ɗara shi. Da haka zan gane ƙarfin hannunka."

Na ce, "Wanga ai sauƙi gare shi!"

Ashe abokan hamayyarmu su ne Di'o, Baturen mulkin yankinmu, da wani Bafaranshe daga Maraɗi. Tun da na zauna kujera ɗaya da tasu nake mutsu-mutsu.

Aka raba. Wallahi manyan karta duk suna hannuna. Likita ya taya. Di'o ya tsoma baki da gidan zuciya. Saura ni.

To jama'a, ni da nake tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofar ofishinsa, yau in ƙwace magana daga bakinsa, har in ɗara? Ban san sa'ad da na zame daga kujera na durƙusa ba.

"Ranka ya daɗe, na bar maka."

Aka buga, manyan kartata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kowa na gani. Di'o ya yi dariya har da tari. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Likita bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ranar allura kai za ka ce wa masu garke a'a. Kai da ka durƙusa wa karta?"

Sai ya ɗauki wani akawun ya tafi da shi Sakkwato. Ni kuwa na ƙara shekara shida a Isa, kuma duk sa'ad da Di'o ya zo rangadi sai ya tambaya ko har yanzu na bar masa.

Tun daga ranar, in zan yi ladabi sai na fara duba ko ladabin zai cinye mini aikina.