Rasuwar Taskar Tregear, Wadda Ba a Taɓa Jin Ta Bakinta Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Mayi (wato Uwargida) Esnat Chikopa, mai riƙe da mabuɗin ɗakin littattafai na musamman a laburaren jami'armu, tana sanar da malamai da ɗalibai da masu fakewa a barandarmu in ana ruwa, rasuwar 'yar lelenta, Taskar Tregear ta Mawaƙan Ingila na Zamanin Sarauniya Biktoriya. Marigayiyar ta cika ranar Talata a hannun kwamitin laburare, bayan an gama batun gyaran bayan gida, kafin a kawo shayi.

An haife ta a Landan, ta iso ƙasar nan cikin akwatunan katako don ta ƙawata falon Mista Tregear, mai gonar shayi a gindin dutsen Mulanje. Mutumin ya sayi mawaƙansa ne gwargwadon tsawon bangonsa, kuma masu aikin gidansa sun shaida bai taɓa damun ko ɗaya daga cikinsu da karatu ba. Da ya mutu, matarsa ta ji kuɗin ɗaukar kaya a jirgin ruwa, nan take ta tuna ashe tana ƙaunar ilimin 'yan Afirka. Haka marigayiyar ta zo mana, da hoton mai gidanta da gashin bakinsa.

Babban halinta na kirki shi ne kame kai. A zamanin da aka buga ta, akan naɗe takarda ne a ɗinke, shafuka su zo a manne ta sama, sai mai saye ya sa wuƙa ya raba su kafin ya karanta. Mista Tregear bai sa wuƙa ba. Mayi Esnat kuwa, a kwas ɗin da aka tura ta tana budurwa, an koya mata cewa littafin da ba a yanka ba ya fi daraja, ita ko ta riƙe wannan magana fiye da yadda ta riƙe wasu ayoyin coci. Tun tana da baƙin gashi har ta yi furfura tana goge kabad, tana wanke farar safar hannun da baƙo zai sa kafin ya taɓa bango. Ta so littattafan nan so na gaskiya, wannan ba mai musu. Mu da muke aiki a hawa na ƙasa za mu yi kewar ƙiii ɗin ƙofar gilashi da safe, da atishawar da ke biyo baya.

Tarihi ya nuna sau ɗaya aka taɓa yi wa marigayiyar barazanar karatu. Wata ɗaliba ce, Tamanda Kachere, a shekarar da ta binne mahaifinta. Malaminsu ya ce akwai wata doguwar waƙar makoki a wani koren littafi a ɗakin nan, sai ta hau bene, ta sa safar hannu, ta karanta shafin farko. Na biyu a manne yake. Ta karkata kai tana leƙe ta gefe kamar mai leƙen gidan maƙwabta, ta ga rabin layi, ta kasa ganin sauran.

"Amayi, don Allah ko akwai wuƙa?" ta tambayi Mayi Esnat, tana kiranta uwa da harshenmu.

"Wuƙa? A nan? Ke 'yar nan, kin ga alamar mahauta a ƙofar?"

"To yaya za a yi in karanta?"

"Wa ya ce miki karantawa ake yi? Kula da su ake yi. Ajiye, kin ma fara jiƙa bangon da hawaye."

Ta ajiye, ta cire safar, ta sauka. Mayi Esnat ta daɗe tana ba da labarin yadda ta ceci koren littafi a ranar.

Ciwon ajali ya fara ne bana, da sabuwar shugabar laburare ta kama aiki, wato Dakta Tamanda Kachere, ɗalibar nan ta koren littafi. Ta zo da tsohuwar dokar masu sana'ar, cewa littafin da aka shekara da shekaru ba wanda ya ara, a fitar da shi a ba wani wuri. Marigayiyar kuwa ba a taɓa aronta ba, don an hana aro, kuma Mayi Esnat ce ta hana, da rubutun hannunta mai kyau a jikin ƙofa. Mayi Esnat ta ruga ofishin shugabar da mabuɗi a wuya.

"Dakta, 'yata, ki dubi girman Allah. Waɗannan fa dukiya ce."

"Amayi, zauna ki huta. Nuna mini guda ɗaya da wani ya karanta har ƙarshe, in bar miki ɗakin da kujerarki."

An nemi magani har ƙasar waje. Wani dillalin tsofaffin littattafai ya zo daga Johannesburg, ya jawo layin baya na kabad, sai gari ya zubo masa a takalmi. Ashe gara ta shigo ta bango tun tuni. A duk tarihin jami'ar nan ita kaɗai ta bi mawaƙan Ingila shafi bayan shafi, ba safar hannu, ba takardar izini. Dillalin ya karkaɗe wandonsa, ya yi ta'aziyya, ya tambayi inda ake sayar da soyayyen kifin chambo.

Marigayiyar ta rasu ta bar gara da jikokinta cikin ƙoshin lafiya, da hoton Mista Tregear wanda ba sashen da ya yarda ya karɓa, da wani farfesa da ya rubuta maƙala uku a kanta daga bakin ƙofa. Ta kuma bar Mayi Esnat, wadda ta wuni jiya zaune a tsakiyar ɗakin ba ta goge komai ba. Ɗakin zai koma wurin cajin waya.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a. Za a shimfiɗa ɗanyen ganye a kan hanyar laburare kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, masu keke su sauka su tura. Mata su zo da zanen chitenje, akwai tuwon nsima da wake a bayan gini. Motar kamfanin da ke yin kwalin jera ƙwai za ta ɗauki gawar da la'asar, don haka wanda ya sayi ƙwai a kasuwa nan gaba ya riƙe da ladabi.

Kafin motar ta iso, za a jera abin da gara ta rage a kan tebura a baranda. Mayi Esnat tana roƙon kowa ya zo da wuƙar cin abinci daga gida, ya zauna ya karanta abin da ya samu, kada kowa ya zo da safar hannu. Koren littafin nan yana nan lafiya, ta ajiye shi a kujerar gaba tare da wuƙar kicin ɗinta, da sunan Dakta Tamanda. Mayi Esnat ta ce a yi mata alama in za a yanka, don ta juya baya.