Ciwon Damuwar Surukina

Abokin aikina a ma'aikata ne ya sa min wata manhaja a waya, wai tana sauraron muryar mutum ta gano ko yana da ciwon damuwa. Kafin a tashi aiki na zama likita.

Ranar Asabar mijin 'yata, Nura, ya zo gaishe ni. Ya durƙusa, kai a sunkuye. Na ajiye wayar kusa da shi ina jan sa da hira. Ya yi ta "lafiya lau, Baba" ƙasa-ƙasa. Manhaja ta ce abin ya yi tsanani.

Matata ta ce, "Alhaji, kunyarka yake ji." Na ce ta bar wa masana aikinsu.

Washegari na wanke 'yata tas a waya kan halin da mijinta ke ciki, na ɗauko mahaifinsa, muka nufi unguwarsu Nura, Dutse Alhaji, ceton rai. Tun daga bakin layi muka jiyo ihu daga gidan kallon ƙwallo: "Alƙalin wasan nan ɓarawo ne!"

Mahaifinsa ya dube ni ya ce, "Ga mara lafiyarka can."

Har yau in Nura ya durƙusa, sai matata ta ce, "Ɗaga murya, ɗan nan, kar Likita ya ba ka gado."