Ranar da Cindo Ya Hana Kawunsa Shiga Gida

A garinmu akwai wani mutum, Cindo, da gemunsa da komai, amma duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Daga shi sai tsohuwarsa, Inna Tabawa, sai wani tsohon jaki. Sanyin bara mura ta kwantar da iyayensa duka biyu. Baban bai tashi ba, Inna kuwa da ƙyar ta sha. Shi ya sa da sanyi ya sake kamawa, Cindo ya ruga wajen Malama Ladidi ta asibiti ya ce ta gaya masa yadda zai tsare uwarsa. Mu masu wayo muna gefe muna dariya.

Wata rana Malama ta ce masa, "Duk wanda zai taɓa Inna, ya wanke hannu da sabulu." Ya dawo ya tarar da kyanwa kwance a cinyar Inna. Ya damƙe ta ya wanke mata ƙafafu huɗu, ita kuwa ta yakushe shi son ranta. Yana juyowa ya ga Inna na sosa kunne, ya cafke hannunta. "Inna, ke ma taɓa Inna kike yi!" Ranar sabulun gidan ya ƙare tas.

Wata rana kuma aka ce ya lulluɓe ta da kyau. Da tsakar rana ya jibga mata bargo, ya ƙara zani, ya ɗora tabarma, har kai. Maƙwabciya ta leƙo ta ga mutum a miƙe a rufe, ta ɗora hannu a ka ta fasa salati. Mata sun cika tsakar gida ana kuka, sai aka ji murya daga ƙarƙashin tabarma: "Idan kun gama, a taimaka mini da ruwa."

Wata rana aka yi shela a kai tsofaffi allurar rigakafi. Cindo ya goya Inna, ya jawo jakin a baya. "Shi ma ya tsufa, Malama."

To, wata rana Kawu Barau, ƙanen Inna, ya zo daga birni gaishe ta, yana tafe yana tari. Malama kuwa ta riga ta ce kada mai tari ya kusanci tsohuwar. Cindo ya gitta taɓarya a ƙofar zaure.

"Kai, ni ne fa, kawunka!"

"Na gane ka, Kawu. Amma Malama ba ta ce ban da kawu ba."

"Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita!"

"Ita kaɗai ta rage mini," in ji Cindo, idonsa ya kawo ruwa. "Ku gaisa ta katanga."

Haka aka gaisa, Inna na zagin Cindo daga ciki. Mu kuwa kunya ta kama mu: baƙo a garinmu, a hana shi shiga gidan yayarsa? Don mu wanke masa rai muka ja shi majalisa, aka dama fura cikin ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya yana zagawa daga bakinsa zuwa namu, dattawa ne farko.

Kafin kasuwa ta sake ci, gari ya kwanta. Sahun gaba na masallaci ya zama wayam, ladan na kiran salla rabi kira rabi tari, liman kansa sai da aka ɗauke shi zuwa asibiti. Inna Tabawa ce kawai tsohuwar da ke tsaye da ƙafafunta, tana dama wa majinyata kunu.

Da muka ɗan farfaɗo muka bi bayan Mai unguwa don ba Cindo haƙuri. Mai unguwa ya buɗe baki zai yi magana, tari ya riga shi. Cindo ya lalubo taɓaryarsa.

"Ranka ya daɗe, daga nan ma ina jin ka."