Rabin Likita da Gwiwar Surukinsa

"Ni fa takarda kawai likitocin nan suka fi ni," in ji Rabin Likita, yana karkaɗa makullai a falon surukinsa. "Shekara goma sha ɗaya ina asibiti. Ko tari mutum ya yi na san abin da ke cinsa."

Ba ƙarya ya yi ba, ɗan'uwa, shekarun sun cika cif. Sai dai a bakin get ya yi su, yana ɗaga wa motoci ƙarfe yana saukewa. Duk iliminsa ta tagar mota ya tsince shi, rabin magana daga bakin masu fita, shi ya sa sunan ya bi shi. Shi kuwa gogan ya ɗauka kirari ake masa.

Surukin nasa tsohon tela ne, mai sanyin hali, ga kunne ya fara nauyi. Wata bakwai gwiwa ta hana shi taka keken ɗinki, kullum sai ya goge keken ya zauna yana kallonsa. Ba abin da yake so a duniya irin ya koma kan keken nan.

"Baba, an gama," in ji Rabin Likita. "Akwai allurar da ake yi da jinin mutum. A ɗiba a hannu, a mayar a gwiwa. Sati guda za ka yi tsere da babur."

"Maigida, Baba fa yana da ciwon suga," in ji matarsa. "Ga maganin tsinka jini da likitan zuciya ya ɗora shi a kai. Ga mikin ƙafarsa da ya ƙi warkewa."

"Ke dai tsoro! Jininsa ne fa za a mayar masa. Kin taɓa jin jinin mutum ya cuce shi?"

Sai ya ja tsohon gefe ya tsara masa dabara. Ai ya lura duk wanda ya cika surutu gaban likita, gida ake kora shi ba allura. Saboda haka dole Baba ya ajiye maganin zuciya kwana huɗu kada a gan shi a jini, ya ja safa ta rufe mikin, kuma duk abin da aka tambaye shi ya ce babu. Tsoho bai so ba, amma kunyar suruki ta rufe masa baki, ga kuma keke yana jira.

Ranar zuwa, Rabin Likita ya shiga ofishin likita da tsohon, sanye da farar riga mai dogon hannu da biro uku a aljihu. Ya miƙa wa likitar gaisuwa irin ta abokan aiki, ta nuna masa kujerar bayan ƙofa. Wata nas tana gefe tana shirya kwalaben gwaji.

"Baba, kana da ciwon suga?" in ji likita.

"Babu."

"Ciwon zuciya?"

"Babu."

Rabin Likita ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana ƙifta wa nas ido.

"Akwai maganin da kake sha kullum?"

"Babu."

"To madalla. Ciwon gwiwar fa?"

"Babu."

Likita ta ajiye biro. "Baba, to me ya kawo ka?"

Tsoho ya waiwaya ya dubi surukinsa. "Ɗana, wannan ma babu ce?"

Gumi ya keto wa gwanin. Ya miƙe yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Likita, kin san tsufa. Ni zan yi bayani, ai ni ma na gida ne."

"Zauna, malam."

Ta durƙusa ta naɗe wandon tsoho don ta duba gwiwar, safa ta zame, miki ya bayyana yana ruwa. Nas ta soki yatsansa ta gwada suga, ta zaro ido ta juya wa likita na'urar. Daga nan likita ta matso kusa da kunnensa ta ce ya faɗi gaskiya, ba mai dukansa. Tsoho ya sauke ajiyar zuciya ya zazzage komai, har da kwana huɗun da ya yi bai sha maganin ba.

"Wa ya ce ka daina?"

Tsoho ya juya ido ya dubi surukinsa.

"Kai ka san abin da ka yi?" Likita ta juyo kan Rabin Likita kamar za ta cinye shi ɗanye. "Maganin nan shi ke hana jini daskarewa a jikinsa. Da ya toshe masa jijiya, da yanzu gefe ɗaya ya shanye, ko ma mu ji wani labarin. Don gwiwa za ka kashe mutum?"

Biro ɗaya ya faɗo daga aljihunsa, bai ma iya sunkuyawa ya ɗauka ba.

Ta koma ga tsoho da taushin murya. Yau ba allura. Yanzu za a kai shi wajen likitan zuciya, a daidaita suga, a warkar da mikin, a auna jininsa, sannan su zauna su ga ko allurar ta dace da shi.

"'Yata, keken fa?"

"Zai jira, Baba. Allurar nan ba sokawa kawai ake yi ba." Ta nuna masa wani inji a kan tebur. "Nan muke juya jinin da ƙarfi, mai nauyi ya kwanta ƙasa, mai amfani ya taso sama, shi muke ɗiba."

Tsoho ya daɗe yana kallon injin. Can ya nuna surukinsa da haɓa, cikin ladabi da neman sani.

"To 'yata, in aka saka wannan ciki aka juya, akwai abin da zai taso?"

Nas ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Akwai, Baba. Kumfa."