Sai Marka Ta Yarda

"Lahiya lau, in ban da takaicin miji irinka."

Amsar da kakarmu Marka ta ba ƙanena Aƙilu ke nan da ya durƙusa gaishe ta, kuma da jin haka na san yau ma ba sauƙi. Jami'ar Badun ta ɗauke shi karatun gashin ƙashi, wato sanin yadda ake motsa gaɓar da ta sandare bayan karaya ko shanyewar jiki har ta koma aiki. Amma babanmu ya rantse Aƙilu ba zai bar Maska ba sai Marka ta ce ta yarda, don tausa da gyaran targaɗe gadon gidanmu ne, kuma ita ke riƙe da shi. Jirgin ƙasa kuwa jibi zai tashi daga Funtuwa, in ya wuce shi gurbin ya tafi ga wani. Ni Barakatu na wanke masa kaya, na daka masa dakuwa, abu ɗaya ya rage. Ga shi tunda aka haifi yaron nan, shi da Marka ba su taɓa yin magana ɗaya ta hankali ba.

"Tsohuwa, yau ba wasa ya kawo ni ba."

"Dama yaushe ka iya wasa? Shi ma ni na koya maka."

Ya haɗiye maganar, ya shiga yi mata bayani dalla-dalla: yadda ya ci jarrabawa, yadda malamai suka zaunar da shi suka yi ta yi masa tambayoyi, da yadda zai koyi sunan kowane ƙashi da kowace jijiya.

"Sunan ƙashi? Tun kahin a haifi ubanka nake mai da ƙafafun mutanen Maska, ban taɓa tambayar ƙashi sunansa ba."

"Shi ya sa rabin garin ke tafiya a karkace. Dogo mai jaki tunda kika taɓa shi yake barin hanya yana faɗawa gonakin mutane."

"Dogo a karkace aka haife shi, je ka tambayi uwarsa."

Ta ce waɗanda suka ɗauke shi makafi ne, ba su dubi hannunsa ba, hannu laɓo-laɓo kamar dafaffiyar kuɓewa. Ya ce ita nata ai kantun gishiri ne don tauri, mai targaɗe ke zuwa wurinta ya koma da karaya. Sai ya yi kuskuren gaya mata cewa a can har da ruwan zafi ake aiki.

"Barakatu, hura mashi wuta. Dahuwar ruwa zai tahi koyo Badun. Mu ba shi digirinsa nan, ya huta da jirgi."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ajiye taɓarya na ce don Allah su dubi girman Allah, magana ɗaya ce, e ko a'a. Ashe na tsokano wa kaina. Suka haɗu a kaina su biyu, wai wa ya sa ni a maganar miji da mata. Na koma turmina raina a ɓace, kamar in yi kuka.

Suka ci gaba har rana ta take. Ta ce in zai tafi ya sake ta tukuna, ya ce wa zai kwashi tsohuwa ba haƙori. A ƙarshe dai na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya ce shi ke nan, ya fasa, zai zauna ya yi noman auduga, ita kuma ta ji daɗi. Da gaske yake.

Marka ta kamo bakin rigarsa da hannun hagu.

Ya tsaya yana dubanta. A gidanmu ba wanda ya taɓa ganin Marka ta kama wani abu da hagu. Ya durƙusa ya jawo hannunta na dama daga cikin zane. Yatsun sun lanƙwashe cikin tafin, sun ƙi buɗewa. Ta ce tun farkon damina ne, kuma kada wanda ya gaya wa babanmu. Tausayinta ya kama ni.

"In ka tahi, wa zan ba abin da ke hannun nan?"

Ya shiga murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana cije leɓe tana zaginsa ƙasa-ƙasa.

"Irin wannan za su koya mini, Tsohuwa. Ni ban san yadda ake buɗe shi ba tukuna. Ke ma ba ki sani ba."

Can ta yi dariya, ta sa ni na ɗauko mata ƙwaryar man kaɗen da take tausa da shi, ta tura masa da ƙafa.

"Ɗauka ka tahi, na yarda. Amma ka gaya ma malaman naka matarka ba ta da haƙuri. In suka riƙe ka ka daɗe, na hagun ma ruhewa zai yi, ka dawo ka tarar ba mai yi maka ranƙwashi."