Butar Injiniya Rage-Rage

Wani mutum ne ana ce masa Injiniya Sagiru Rage-Rage. Ba wanda ya taɓa ganin takardar injiniyancinsa, amma biro uku ne a aljihun gabansa, ga tef ɗin awo rataye a ƙugu kamar laya. Duk abin da ya kalla sai ya ga ya yi yawa. Ko kujera aka ba shi, kafin ya zauna sai ya leƙa ƙasa ya ce, "Ƙafa huɗu? Ta huɗun me take yi?" Da bakinsa yake cewa ya taɓa kwance kusoshi arba'in daga wani inji a Legas, injin ya ƙara gudu har sai da aka ɗaure shi da sarƙa.

To shi Alhaji Ɗan'azumi ya ɗauko. Alhaji yana da ɗan kamfanin roba a bayan layin dogo, butoci yake yi, masu zanen kore da fari. Roba ta yi tsada, man gas ya yi tsada, Alhaji har ya fara ramewa ta wuya. Injiniya ya dafa ƙirji ya ce a bar masa kamfanin sati uku, zai rage kashe kuɗi, buta kuma ta ci gaba da aikinta na buta.

A kamfanin akwai wata dattijuwa, Gwoggo Hansai. Shekara goma sha huɗu tana zaune a ƙarshen layi, gabanta ɗan kurfoti, basilla a cikin garwashi. Murfin buta ya zo, ta ɗauka, cus, ta yi masa 'yar huda, ta jefa a buhu. Aikin ke nan. Da wannan basillar take ciyar da jikoki uku da aka bar mata.

Ranar farko Injiniya yana zagaye, Alhaji na binsa a baya, sai ya ja birki a kanta.

"Gwoggo, ke kuma me kike yi?"

"Huda nake, ɗan nan."

"An sayi roba, an ƙona mai, an yi murfi lafiyayye, sannan a biya ki ki ɓata shi?"

Hansai ba mai yawan magana ba ce. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai ta nan butar take numfashi."

Injiniya ya ƙyalƙyale da dariya har biro ɗaya ya faɗo.

"Alhaji, ka ji? Buta da numfashi. Gobe sai a ce tana tari, a kai ta asibiti."

Ma'aikata suka taya shi, don a lokacin ba wanda ya san kan wa za a faɗo. Nan take ya zayyano gyaransa. Jikin buta ya yi kauri, a sirance shi. Bakinta ya yi faɗi, a tsuke shi. Murfi kuma a daina yi masa zaren murɗawa, a riƙa danna shi kawai ya kama gam. Huda kuwa an soke ta, da ita da mai yin ta. Alhaji ya ɗan sosa ƙeya, ya ce Gwoggo ta riƙa shara zuwa Alhamis ɗin ƙarshen wata, daga nan Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Hansai ta ɗauki tsintsiya. Tana shara tana tunanin abin da za ta ce wa yaran nan ranar Juma'a da safe.

Sati uku sababbin butoci suka fito. Kyau kam ba a magana. Sai dai ba nauyi, in ka ajiye ba ruwa iska na iya tafiya da ita unguwa. Injiniya ya riƙa ɗaga ɗaya da ɗan yatsa yana cewa robar buta biyu yanzu uku take haifa.

Alhamis ɗin nan kuwa ita ce ranar zuwan Alhaji Mamuda daga Damagaram, babban mai sayen kayansu, wanda in ya zo tirela biyu yake cikawa. Tun safe Injiniya ya sa aka kwashe duk tsofaffin butocin masallacin kamfani aka zuba a injin niƙa roba, wai kada baƙo ya ga kayan jahiliyya. Guda ɗaya ce ta tsira, ta Malam Tukur, tsohon maigadi wanda shi ne ladan kuma. Idonsa ya yi rauni amma kunnensa ras. Yana jin ana kwasa ya tura tasa ƙarƙashin benci ya zauna a kai.

Injiniya ya ci ado. Shadda shuɗiya mai haske, ta sha sitaci, yana tafiya tana ƙaram-ƙaram. Ya zagaya da baƙo lungu-lungu, bakinsa bai huta ba. Da azahar ta kawo jiki ya hango Hansai.

"Gwoggo, zo ki yi aikinki na ƙarshe. Cika mana sababbin nan, ki jera."

Ta kai su famfo ta cika, ta danna murafe. Ta karkata ɗaya don ta ɗauraye yatsunta. Ruwa ya ɗan zubo, sai ya tsaya. Abin ya dame ta, ba don Injiniya ba, don Alhaji da ya riƙe ta shekara goma sha huɗu. Ta matsa kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, ka kuwa gwada su da ruwa?"

"Na gwada su a takarda. Takarda ba ta ƙarya. Ga ganye can ya zubo."

Ta koma gindin dalbejiya da tsintsiyarta, ta tsaya inda take ganin komai.

Malam Tukur ya shiga ciki kiran salla. Manya suka nannaɗe hannun riga suka tsuguna a jere, Injiniya a tsakiya. Alhaji Mamuda ya yi bisimilla ya karkata buta. Tsil. Tsil. Ɗif. Ya girgiza ta, ya sake karkatawa. Cikin butar ya lotsa kamar na wanda ya kai azumi la'asar, ta yi wani ɗan ƙugi, ta yi shiru.

"Injiniya, butarka rowa gare ta?"

"Tsimin ruwa ne, ranka ya daɗe. Da gangan na yi. Ku da kuke bakin hamada ai ku za ku fi kowa gode mini."

"To na gode. Amma hannu ɗaya na wanke, shi ma rabi."

Alhaji Ɗan'azumi kuwa yana ta jijjiga tasa kamar mai kaɗa nono, zufa na bin gemunsa.

Injiniya ya gyara tsugunno. "Sabon salo ne, matsawa ake. Ku duba nan."

Ya matsa da hannu ɗaya, ruwa ya yi tsartuwa ya tsaya. Ya ga in hannu biyu na matsa buta, ba hannun da zai tari ruwa. Sai ya ɗaga gaban riga, ya cusa butar tsakanin gwiwoyinsa, ya tara hannu biyu a bakinta.

"Kun gani? Hannu biyu ma sun huta. A Legas na..."

Ya haɗe gwiwa da ƙarfinsa duka.

Fot!

Murfi ya yi sama, ya doki kwanon rumfa, ƙwal, ya gangara har gaban tsintsiyar Hansai. Ruwan buta guda kuwa bai je ko'ina ba sai gaban wandon Injiniya. Shaddar nan mai haske ta yi baƙi ƙirin tun daga mazagi har gwiwa, tana ɗiga cikin takalmi.

Wani a bayan injin ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa.

Hansai ta sunkuya ta ɗauki murfin. Ba ta yi dariya ba, ta dai juya shi a hannu tana duban inda ya kamata huda ta kasance. Alhaji Mamuda ya miƙe yana yarfe hannu.

"Alhaji Ɗan'azumi, ni fa irin ta da na zo saya. Wadda in ka karkata take zuba."

Alhaji Ɗan'azumi ya waiwayo wajen Hansai a hankali. "Gwoggo, kurfotin nan naki yana nan?"

"Yana nan, Alhaji. Basillar ma tana ƙuguna."

"To a hura wuta."

Injiniya ya miƙe yana son ya yi bayani, yana jan riga ƙasa, rigar kuma ta ƙi rufewa, don shi da kansa ya sa tela ya rage mata tsawo. Daidai nan mutanen layi suka fara shigowa salla, masu shago da 'yan adaidaita, ba wanda ya ga abin da ya faru a cikinsu. Kowa ya kalli wandon sai ya kau da kai ya ce, "Sannu, Injiniya."

Sai ga Malam Tukur ya fito daga kiran salla yana lalube. Ya ji ɗis-ɗis a kan siminti. Ya matso, ya ƙura ido, ya girgiza kai cike da tausayi. Ya janyo tsohuwar butarsa daga ƙarƙashin benci, ya damƙa wa Injiniya a hannu. Shi a ganinsa raɗa yake yi, amma muryar ladan ce, har bakin titi an ji.

"Ba komai, ɗana, larura ce, tana samun manya ma. Karɓi wannan mai hudar, ka zaga baya ka gyara jikinka. Za mu jira ka."